Yadda Za Ka Ɗanɗana Ganyen Shayi Ka Gane Ingancinsa

1. Kurkure bakinka da ruwa, ka tanadi farin kofi, don shi ne zai nuna maka ainihin launin shayin.

2. Zuba busasshen ganyen a tafin hannunka ka duba. Mai kyau yakan zo cikakke, a murɗe, ba gari-gari ba. Shinshina shi.

3. Auna giram 2 ga kowane mililita 100 na ruwa. Baƙin shayi irin na yankin Assam da ke Indiya yana son tafasasshen ruwa, a bar shi ya jiƙa minti 4 zuwa 5. Koren shayi kuwa, bari ruwan ya ɗan huce zuwa digiri 80, minti 2 sun isa. Nan ne mutane da yawa ke ɓata ganye mai daraja, su ƙona shi da ruwan zafi sannan su ce ɗaci ne da shi.

4. Tace, ka kai hancinka kan jiƙaƙƙen ganyen tun yana tururi. Sau da yawa ƙamshin ya fi fitowa a nan.

5. Kada ka sa sukari ko madara. Kurɓi cokali ɗaya da ƙarfi, iska ta shiga tare da shi, ya ratsa harshe duka. Lura da bauri, da kauri, da abin da ya rage a maƙogwaro bayan ka haɗiye. Idan mai ƙarin ƙamshi ne, kamar Earl Grey da ake sa wa man bergamot (wani nau'in lemu ne), tambayi kanka: shayin na nan, ko ƙamshin ya danne shi? A ganina wanda ya danne ganyen bai cancanci yabo ba.

6. Rubuta abin da ka ji nan take, kafin ka zuba wani.