Yadda kwamitin makaranta zai sayi benci da kuɗin tallafi ba tare da an yi asara ba

Kayan zama a makarantun gwamnati a nan Kebbi ta hanya biyu suke zuwa. Akwai manyan kwangilolin da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ke bayarwa daga Birnin Kebbi, da kuɗin hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, UBEC, da dokar 2004 ta tanada, waɗanda sai jiha ta zuba nata kason kafin a sake su. Wannan ba a hannunku yake ba, mota kawai za ku gani ta sauke kaya. Ina magana ne a kan tallafin da ke faɗawa kai tsaye asusun kwamitin kula da makaranta, SBMC, irin na shirin ilimin 'yan mata na AGILE da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, wanda Kebbi ke cikin jihohi bakwai na farko. A nan shugaban makaranta da dattawan gari su ke riƙe da kuɗin, kuma a nan na ga mutanen kirki sun ji kunya.

Ku fara da ƙirga, amma ba daga rajista ba. Ku shiga aji-aji ranar da yara suka cika, ku ga nawa ne ke zaune a ƙasa. Ku leƙa sito ma, domin karyayyun bencin da aka jibge a can da yawansu ƙusa da katako guda suke nema, kuma gyara ya fi sabo sauƙi nesa ba kusa ba. Adadin da kuka samu shi za ku sa a tsarin inganta makaranta, a rubuta a littafin taro, kowa ya sa hannu. Abin da ba ya cikin tsarin da aka amince, kada ku saya, ko da buƙatarsa ta kai wuya.

Sai neman farashi a rubuce daga mutum uku. Ku ba su takarda iri ɗaya: tsawon bencin, yara nawa zai ɗauka, irin katakon, kaurin ƙarfen, da kuma wa zai biya kuɗin mota. Wannan na ƙarshen mutane na mantawa, alhali ɗauko kaya daga Jega ko Birnin Kebbi zuwa ƙauye yana iya cinye rarar da aka yi murnar samu. Ɗan'uwan shugaban kwamiti kuwa a bar shi a gefe, ko da shi ne gwanin kafintocin garin.

Yanzu ga wurin da ya ƙone mu. Mun ba wani kafinta aiki a ƙarshen damina, muka biya shi kusan duka domin ya ce katako na tashi. Kaya suka zo suna ƙyalli, an shafe su da man katako, har muka ɗauki hoto da hakimi. Hunturu na kamawa sai saman tebura suka fara tsagewa, katakon ya lanƙwashe, ƙusoshi suka ɗago kai har ɗaya ta yage wa wata yarinya hijabi. Da na je wurinsa sai ya ce, "Malam, ai ba ku ce busasshe kuke so ba." Ban sami abin faɗa ba, domin a takardarmu "benci mai kyau" kawai muka rubuta.

Saboda haka kada ku saki ko sisi sai an kawo muku samfuri guda, kuma ku ce a kawo shi ba fenti. Fenti rufin asirin ɗanyen katako ne. Ku ɗaga shi: ɗanye ya fi nauyi, yana da sanyi a tafin hannu, in ka ƙwanƙwasa ba ya amsawa da kyau. Ku danna farce a gefensa. Ku kifar da bencin ku duba walda, a ga an zagaye mahaɗar gaba ɗaya, ba ɗigo biyu aka yi aka wuce ba. Ku sa manyan ɗalibai uku su zauna su jijjiga shi. Ni a wurina ƙafar ƙarfe da saman katako ɗaure da noti ita ce kawai abin saye, domin gara ba ta cin ƙarfe, kuma in katakon ya lalace a kwance a canja. Ya fi tsada, na sani. In samfurin ya yi, shugaban kwamiti da kafinta su sa hannu a ƙarƙashinsa da alƙalamin maka, a kulle shi a ofis. Ranar karɓar kaya shi ne alƙali: a fito da shi tsakar makaranta, duk bencin da bai yi daidai da shi ba ya koma motar da ta kawo shi. Kada ku karɓi kaya da magariba, kuma kada hedimasta ya karɓa shi kaɗai.

Biya ta banki, zuwa asusun mai suna a takardar farashi, ba tsaba ba. Kafin alƙalami kaɗan, sauran bayan an ƙirga an duba. In da hali ku rubuta tun farko cewa za ku riƙe wani kaso har hunturu ya wuce.

Sauran aikin takarda ne. A rubuta sunan makaranta da lamba a jikin kowane benci, a shigar a littafin kaya, a manna lissafin kuɗin a allon sanarwa don iyaye su gani. Rasit da takardun farashin nan uku da hotuna a haɗa su fayil ɗaya, a yi kwafi biyu, ɗaya ya zauna a gidan ma'ajin kwamiti saboda ɗigar ruwa a ofis.