Darasi na Tara: Idan Ciwon MS Ya Tashi

Ku dubi wayar wuta da ke jikin bangon ajin nan. Roba ce ta lulluɓe ta. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka ma suna da irin wannan rufi. A ciwon da likitoci ke kira MS, garkuwar jiki ce take juyowa tana cin rufin, sai saƙon da jijiyoyin ke ɗauka ya riƙa katsewa. Ya fi kama mata, galibi 'yan shekara 20 zuwa 40. Ba sammu ba ne, ba kuma iska ba.

Galibi ciwo ne mai lafawa ya sake tashi. Mace tana tuƙa tuwo, sai hannu ya mutu, muciya ta suɓuce. Ko ido ɗaya ya yi hazo, yana zafi in an juya shi. In abin ya wuce awa 24, kuma babu zazzaɓi, ana zargin ciwon ne ya tashi. A tafi wurin likitan jijiyoyi, kamar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Likita zai fara auna fitsari da jini. Ciwon sanyin mara, zazzaɓi, har zafin bazarar Kano, suna iya tado tsoffin alamomi alhali ciwon bai tashi ba.

Babban maganin da ake bayarwa in ciwon ya tashi shi ne metilfurednisolon, dangin sitiroyid, wato magungunan rage kumburi. Ana sa giram 1 a ƙarin ruwa kullum, kwana 3 zuwa 5. Akwai na sha, miligiram 500 kullum har kwana 5. Yana kwantar da kumburi, a samu sauƙi da wuri, amma ba ya kawar da ciwon. Baki zai iya yin ɗanɗanon ƙarfe, barci ya ƙaurace, rai ya riƙa ɓaci, sukari ya hau. Mai ciwon sukari, hawan jini, gyambon ciki ko mai juna biyu, ta faɗa tun kafin a ɗaura ruwan.

Ina roƙonku, kada a aiki yaro kemis ya sayo ƙwayar "sha ka fashe" don an ji danginsu ɗaya. Shan ta a kai a kai yana cinye ƙashi, yana karya garkuwar jiki.

In tashin ya yi tsanani, maganin kuma bai ci ba, akan tace jini da na'ura a sauya ruwansa, sau 5 zuwa 7.

Aiki: kowa ya rubuta kwanan wata na yau, da abin da zai faɗa wa likita a jimla biyu.