Yadda ake rainon fujer a tukunya cikin zafin Yamai

Fujer shuka ce mai ganye kamar gashin tsuntsu, wadda ba ta fure. Akwai wata ƴar ƙaramar fujer da masana tsirrai ke kira Woodsia alpina, mai fitowa a tsagar duwatsu a ƙasashen sanyi kamar Norwe, Kanada da tsaunukan Alp. Ganyenta bai cika wuce santimita 15 ba, kuma ƙanƙara ba ta kashe ta. A Yamai kuwa, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ba za ta rayu ba, kada ka ɓata kuɗinka. Abin koyi a wurinta shi ne zamanta cikin dutse: saiwa na cikin sanyi da laima, ruwa kuma ba ya kwanciya. Irin wannan mazauni za ka shirya wa fujer mai jure zafi, kamar Nephrolepis. Ka tambayi masu sayar da furanni a bakin kogi.

Fara da tukunyar ƙasa, ba ta roba ba, ka huda gindinta. Zuba tsakuwa kamar yatsa uku, sannan ka haɗa yashi kashi ɗaya, ƙananan tsakuwa kashi ɗaya, ruɓaɓɓen ganye kashi biyu. Ɗanyen taki na ƙona saiwa, ka bar shi.

Dasa ta da damina, Yuli ya fi. Kada ka binne zuciyarta, wato inda sabon ganye ke fitowa a naɗe. Jera duwatsu a gefenta su rufe ƙasar.

Matakin da na fi ba muhimmanci shi ne wannan. Saka tukunyar cikin wata babba, ka cika tsakaninsu da yashi, ka riƙa jiƙa shi kullum. Yadda randa ke sanyaya ruwa, haka yashin zai sanyaya saiwar. Da bazara wannan ne ke ceton ta.

Wurin ajiya ma na son lura. Mutane kan ɗauka jikin bangon arewa inuwa ce kullum, alhali a Yamai daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa take bi. Gindin mangwaro ko rumfa mai samun hasken safe kaɗai ya fi.

Ka taɓa ƙasar da yatsa, in ta fara bushewa ka ba ta ruwa da yamma. Lokacin hunturu ka kare ta daga iska, ka wanke ƙurar ganyen.

In ka ga ɗige-ɗige ruwan ƙasa jere a bayan ganye, ba ciwo ba ne, kada ka yanke. Fujer ba ta fure, ba ta ƴaƴa, garin da ke cikin ɗigon ne irinta. Raino daga garin nan na ɗaukar watanni, don haka in ta cika tukunya, raba gindin biyu da wuƙa a damina mai zuwa, kowane ɓangare da saiwarsa.