Farfesun naman sa da kayan lambu

'Yan uwa, tunda sanyin Jos ya kankama, ga farfesun da zai ishi mutum biyar.

A nemi nama kilo 1, na ƙwauri ko ƙirji mai ƙashi da jijiya, don zallar tsoka ba ta ba romo kauri. A soya shi da mai cokali 2 har ya yi ja, amma kashi biyu: idan aka cika tukunya, ruwa zai fitar ya ƙi soyuwa. Sai albasa 2, attaruhu 2, tafarnuwa, citta, masoro da kanumfari 3, a zuba ruwan zafi lita 2.

A rufe, a rage wuta, awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Garin nan yana kan tudu, mita 1,200 da ɗoriya, ruwa kan tafasa tun bai kai zafin da yake kaiwa a Legas ba, shi ya sa nama ke daɗewa. Ƙara wuta ba ya hanzarta shi, romon kawai zai ƙafe.

Kayan lambu kuwa ba a zuba su tare. Dankalin turawa 5 da karas 3 ne farko, manyan yanka, minti 15. Koren wake minti 5. Kabeji kwata a ƙarshe, minti 3 a sauke, in ya wuce haka sai ya saki ya yi wari. Gishiri ma sai yanzu a daidaita.

In an je kasuwar kayan lambu ta Farin Gada a nan Jos, a guji dankalin da bawonsa ya yi kore, ɗaci gare shi.