Yadda ake sarrafa ruwa a gonar shinkafa a gaɓar Nilu

Yawancin masu shiga noman shinkafa a Sudan, daga 'yan'uwanmu na Mai Wurno da Singa har na wajen Kosti da Duwem, tambayarsu ta farko ita ce ta ina ruwa zai shigo gona. A baƙar lakar ƙasar nan, tambayar da ta kamata a fara da ita ita ce ta ina zai fita. Lakar ba ta tsotse ruwa da wuri in ta jiƙe, gonar da ba ta da mafita kuwa kududdufi ce.

Mataki na farko, ka san halin kogin da kake maƙwabtaka da shi, domin rassan Nilu biyu, Bahar Azrak (Shuɗin Nilu) da Bahar Abyad (Farin Nilu), ba ɗabi'arsu ɗaya ba. Bahar Azrak daga duwatsun Habasha yake gangarowa, ja wur da laka, yana kai ƙololuwar cikarsa tsakanin ƙarshen Agusta da farkon Satumba, kuma yakan ƙaru sosai a dare guda. Bahar Abyad a natse yake tafiya. Abin da ke tura ruwansa cikin gonakin gaɓa shi ne madatsar Jabal Auliya da aka kammala a 1937 kudu da Khartum: in an fara tare ruwa a damina sai ya yi ta komowa baya a hankali, ya zauna watanni, sai wajen Fabrairu ya fara ja. Wanda ke gefen Azrak, ban da madatsun Sinnar ta 1925 da Rusairis ta 1966, yanzu akwai babbar madatsar Habasha da aka fara cikawa a 2020, wadda ta sauya lokacin zuwan ruwa. Kalandar da aka gada daga iyaye ba ta wadatar ita kaɗai.

Na biyu, nemi iyakar da ambaliya ta taɓa kaiwa. Dubi jikin itatuwan gabaruwa da ke bakin kogi, za ka ga zanen laka da tarkacen ciyawa maƙale a rassa. Tambayi dattawan wurin inda ruwan 1988 da na 2020 ya tsaya. Gadon renon iri, injin ban-ruwa da buhunan taki duk su zauna sama da wannan layi.

Sai jinga. A nan mutane suka fi yin ganganci. Kada ka tara busassun ɓaraguzan laka ka ce ka yi jinga, ruwan farko zai bi ta tsakaninsu ya wuce. Kankare ciyawar wurin tukuna, ka riƙa zuba ƙasa mai ɗan danshi kaɗan-kaɗan kana daddaɓewa, gindin ya ninka saman faɗi sau uku ko fiye. Ka ɗebi ƙasar daga cikin gona da ɗan nisa, domin ramin da aka haƙa a gindin jinga shi ke kayar da ita. Kuma ka ja baya daga bakin gaɓa, musamman a Azrak inda gaɓa ke zaftarewa bayan ruwa ya ja. Jingar mutum ɗaya ba ta tare kogi. In maƙwabcinka bai yi tasa ba, ta gonarsa ruwa zai zagayo maka, don haka a yi gayya a haɗe ta tun watan Yuni.

A kusurwar da ta fi gangare ka binne bututu a ƙarƙashin jingar, da abin toshewa. In kogi yana ƙasa, a buɗe ruwan sama ya fita. In ya taso, a toshe, a juya injin ya zuƙe na ciki. Shinkafar da ruwa ya shanye kanta gaba ɗaya da wuya ta wuce mako guda da rai, in ruwan mai laka ne ma ba ta kai haka, don lakar na rufe ganye.

Daga nan ka daidaita ƙasa ka yanka ta fangali-fangali, kowanne da kunya mai tsayin santimita 30 ko kusa. Saki ruwa kaɗan ka tsaya ka duba: inda ya fito kamar tsibiri ka sare, ka cike inda ya taru. Kowane fangali ya sha kai tsaye daga hanyar ruwa. In ana ɗurawa daga wannan zuwa wancan, takin na sama a gonar ƙasa yake ƙarewa.

Bayan dashe ruwa kada ya wuce santimita 2 zuwa 3, sannan a kai shi 5 in shinkafar ta kama ƙasa. Zurfi da yawa yana hana ta yin 'ya'ya daga gindi. Mai sayen man inji da tsada yana iya amfani da dabarar bututu: yanki bututun roba mai tsawon santimita 30, ka huda ƙasansa ko'ina, ka kafa santimita 20 nasa a cikin ƙasa, ka kwashe lakar ciki. Ka bar ruwan fangali ya ƙafe, sai ka ga na cikin bututun ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa sannan ka sake ba da ruwa. Amma a lakarmu ni ba na jiran ya kai nan in na ga ƙasa ta fara dagargajewa da manyan tsaguwa, domin ruwan da za su haɗiye kafin su rufe ya fi wanda aka yi tattali.

Ranar zuba yuriya a rage ruwa, a toshe mafita na 'yan kwanaki. Daga mako guda kafin fure zuwa mako guda bayansa kuwa babu maganar tattali, ruwa ya tsaya santimita 5 kullum, in ba haka ba ƙaiƙayi za ka girba.

Ka riƙa zaga jinga da sassafe kana neman ramin ɓera da inda ruwa ke tsattsafowa. Mai tsabta da sauƙi, amma in yana fitowa da laka to cin jingar yake daga ciki, a jera buhunan ƙasa a wurin nan take. A nome ciyawar hanyoyin ruwa, nan dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya yake zama, a kuma hana yara wanka a ciki.

In ƙwaya ta yi tauri, zangarniya ta fara rawaya, a buɗe mafita kwana 10 zuwa 14 kafin girbi, don ƙasa ta ɗauki ƙafar masu yanka.