Yadda Ake Zaɓen Kayan Zaƙin Kabewa a Kantunan Amurka da Gasa Kek Ɗinta da Garin Kwali

Tun kafin watan Agusta ya fita kantunan Amurka ke fara cika da kayan kabewa. Kafin a shiga Oktoba ko'ina kika juya su ne: biskit, kek, garin fanke, madarar zuba wa kofi, hatsin karin kumallo, har alawa. Haka za a yi ta yi har Ranar Godiya, Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, wadda da wuya a yi bikinta a gida ba a ajiye fai ɗin kabewa, wato haɗin kabewa da ƙwai da madara da ake gasawa a cikin ɓawon fulawa, a kan tebur ba. Uwargidan da ba ta daɗe da zuwa ƙasar ba, ga yara sun dawo daga makaranta suna roƙon a saya musu irin abin da abokansu ke ci, sai ta cika kwando da kayan da da yawansu sukari ne da ƙamshi kawai. Shawarata ita ce ki sayi abu biyu, gwangwanin zallar kabewa da kwalin garin kek, sauran aikin ki ƙarasa shi da hannunki. Ya fi araha, ya fi daɗi, kuma kin san abin da iyalinki suka ci.

Mataki na farko: juya kwalin ki karanta bayansa

Hoton da ke gaban kwali talla ne. Idan kika ga an rubuta pumpkin spice, maganar kayan ƙamshi ake yi, wato kirfa, citta, gyaɗar ƙamshi da kanumfari, wani lokaci da wani ɗan iri da suke kira allspice. Kamfanin McCormick ya fara sayar da wannan haɗi a shekarar 1934 don masu gasa fai. Abin ya bunƙasa ne bayan Starbucks ya fito da kofi mai wannan ƙamshi a 2003, kuma sai a 2015 aka fara sa ainihin kabewa a cikin kofin. To idan babban kamfani ya yi shekara 12 yana sayar da abin sha mai sunan kabewa babu kabewa a ciki, kin ga dalilin da ya sa ba a yarda da gaban kwali.

Dokar ƙasar ta wajabta a jera kayan haɗi daga mafi nauyi zuwa mafi ƙaranci. Idan sukari ne a farko ko na biyu, kabewa kuma sai can kusa da gishiri, ko babu ita sam, kin san abin da ke hannunki. Daga nan ki duba layin sukarin da aka ƙara, wanda ake rubutawa da giram. Ki raba da 4, abin da ya fito shi ne kimanin yawan cokalin shayi. Giram 24 cokali 6 ke nan, kuma na yanka ɗaya ne ko biskit biyu, ba na kwalin gaba ɗaya ba. Mai ciwon sukari a gida, ko mai yara ƙanana, kada ta tsallake wannan layi.

Mataki na biyu: tabbatar da halaccinsa

Nan ne ya kamata a fi tsayawa, domin kayan zaƙi ba su yi kama da abin da za a sami alade a ciki ba, shi ya sa ake sakin jiki da su.

Kalma ta farko da za ki nema ita ce lard, kitsen alade ke nan. An fi samunsa a ɓawon fai da ake sayarwa a naɗe a firij ko a firiza, da wasu garin kwali na tsofaffin kamfanoni, saboda yana sa ɓawo ya yi garas-garas. Akwai masu amfani da man tsirrai ko bota, sai ki nemi waɗannan. Ta biyu ita ce gelatin, sinadarin da ke sa abu ya kama ya yi danƙo, wanda yawancin na kasuwar Amurka daga fatar alade ko ƙashi da fatar shanu ake yinsa, kuma ba kasafai ake faɗin daga wace dabba ya fito ba. Yana ɓuya a cikin alawa mai taushi, da wasu kek ɗin cuku, da farin abin da ake shafa wa wasu biskit a sama. Ƙananan alawoyin nan masu siffar kabewa da ake tarawa lokacin Halowin, bikin ƙarshen Oktoba da yara ke bi gida-gida suna karɓar alawa, sau da yawa akwai shi a cikinsu, kabewar ce babu. Sai giya: idan kika ga rum ko bourbon a sunan fai ko kek, ki ajiye shi.

Akwai kuma wuraren da mutane suka sha bamban. Ruwan banila na asali, bisa ƙa'idar hukumar abinci ta ƙasar, dole ya ƙunshi barasa aƙalla kashi 35 cikin 100, kodayake ɗan ɗigo ne ke shiga kek guda. Malamai sun yi saɓani a kansa, don haka ki bi fatawar malamin da kika amince da shi. Wadda ke son kauce wa shakka tana iya sayen garin banila ko ruwansa marar barasa. Haka ma mono and diglycerides da ke cikin yawancin garin kek, ana samunsu daga tsirrai, ana samunsu daga kitsen dabba.

Hanya mafi sauƙi ita ce neman tambari. Na halal da aka fi sani shi ne jinjirin wata da harafin M na ƙungiyar IFANCA, sai dai ba shi da yawa a kan irin waɗannan kaya. Tambarin kosha na Yahudawa, harafin U a cikin da'ira, ya fi yawa, kuma yana tabbatar miki babu alade. Amma bai hana barasa ba, saboda haka ko kin gan shi ki karanta jerin kayan.

Mataki na uku: ɗauko gwangwanin da ya dace

Gwangwani iri biyu ne ke zaune kafaɗa da kafaɗa a kan kanta, launinsu ɗaya, hotonsu kusan ɗaya. Ɗaya an rubuta 100% pure pumpkin, kuma idan kika juya shi kalma ɗaya ce a jerin kayansa. Ɗayan an rubuta pumpkin pie mix, an riga an zuba masa sukari da kayan ƙamshi. Na farkon za ki ɗauka. Idan kika haɗa na biyun da garin kwali, wanda shi ma cike yake da sukari, zaƙin zai gundure kowa kuma kwaɓin ya tsinke.

Wanda ya fi cika kasuwa shi ne Libby's na kamfanin Nestlé, da ake sarrafawa a garin Morton na jihar Ilinoi, jihar da ta fi kowace noman kabewa a ƙasar. Irin da suke shukawa sunansa Dickinson, doguwa ce mai fatar ƙasa-ƙasa da tsoka mai kauri. Ba ita ce jar ƙatuwar da ake fafewa a sa mata fitila a ƙofar gida ba. Waccan don ado ake nomanta, ruwa da zare sun yi mata yawa, kada ki ɓata lokaci kina dafa ta. Gwangwanayen da manyan kantuna ke bugawa da sunansu ma suna yi, sai dai wani kan fi wani ruwa. Ƙaramin gwangwani oza 15 ne, wato giram 425, kusan kofi 1 da kashi uku cikin huɗu. Shi ne awon da za mu yi aiki da shi.

Wadda ke Kano ko Maraɗi ba ta buƙatar gwangwani. Ki fere kabewa mai ja sosai, ki turara ta maimakon tafasawa a ruwa, ki marmasa ta da ludayi ko ki niƙa, ki zuba a kyalle mai tsabta ta tsane, sannan ki auna.

Mataki na huɗu: garin kwali da kayan ƙamshi

Duncan Hines, Betty Crocker da Pillsbury su ne sunayen da za ki fi gani. Ki nemi mai ɗanɗanon kayan ƙamshi, wanda suke rubuta wa spice cake, ko kuma rawaya na yau da kullum. Yawancinsu oza 15.25 ne, kimanin giram 432, amma ki duba nauyin domin wasu kamfanoni sun rage shi. Idan naki bai kai haka ba, ki rage cokali biyu ko uku daga kabewar.

Ni na fi son rawayan, saboda yana ba ki dama ki sa ƙamshi yadda gidanki ke so. Ba sai kin sayi ƙaramar kwalbar haɗin nan mai tsada ba, kayan shayinki ne: kirfa cokalin shayi 4, garin citta 2, gyaɗar ƙamshi 1, kanumfari rabi. Ki cakuɗa ki ajiye a kwalba, cokalin shayi 2 ya ishi kwali ɗaya. Idan cittar ta gida ce aka aiko miki, irin ta Kudancin Kaduna, ki rage ta da rabi, don ta fi ta kantunan nan yaji nesa ba kusa ba. Kanumfari kuwa a yi hankali da shi, ya ɗan wuce ƙima sai ya danne komai.

Mataki na biyar: kwaɓi da gashi

Ki kunna obin a digiri 350 na Farenhait, wato kusan 175 na Salshiyas, ya yi zafi kafin ki gama kwaɓi. Ki shafa wa gwangwanayen kek mai ko ki jera musu takarda.

Ga wani ɗan aiki da ba a rubuta a bayan kwali ba, kuma shi ke raba kek mai daɗi da wanda ake jin gwangwani a cikinsa. Ki juye kabewar a tukunya, ki zuba kayan ƙamshin a kai, ki ɗora a wuta kaɗan kina juyawa na minti 5. Za ki ga tururi yana tashi, launin ya ƙara duhu, ƙamshi ya cika kicin. Ruwan da ya yi yawa ne ke fita, zafin kuma yana buɗe kirfa da citta. Ki sauke ta huce sosai, in ba haka ba za ta dafa miki ƙwai.

Ki manta da awon ruwa da mai da aka rubuta a jikin kwalin, an yi shi ne don wadda ba za ta sa kabewa ba. Ki fasa ƙwai 2 a kwano ki kaɗa, ki zuba kabewar da man girki marar ƙamshi kwatan kofi, ki juya su haɗe. Sannan ki zazzage garin a kai. Da muciya ko babban cokali za ki juya, kuma da zarar kin daina ganin busasshen gari ki tsaya. Yawan bugu yana tayar da danƙon fulawa, kek ya fito da tauri. Kwaɓin zai yi kauri kamar na alkubus, haka ake so. Idan ya ƙi juyuwa sam, ki ƙara madara cokali 2 ko 3. Mai son gardi ta watsa soyayyiyar gyaɗa da aka ɗan daka, ko yankakken dabino.

Ki cika kowane gwangwani zuwa kashi biyu cikin uku. Ƙananan kek suna gasuwa cikin minti 18 zuwa 22. A faranti mai inci 9 da 13, minti 25 zuwa 30. A dogon gwangwanin burodi kuwa sai ya kai minti 50 zuwa 60, kuma idan sama ta fara duhu alhali ciki bai yi ba, ki rufe da takardar alminiyam sako-sako. Ki soka tsinken sakace a tsakiya, in ya fito babu ɗanyen kwaɓi ya gasu. Kada ki yanka da zafi. Kek ɗin kabewa yana riƙe laima, idan aka yanka shi bai huce ba sai cikin ya cuɗe a ɗauka bai dahu ba. Washegari ma ya fi daɗi, bayan ƙamshin ya ratsa shi.

Idan fai ne yara suka nace

Ba shi da wuya in kin sami ɓawon da babu kitsen alade. Awon da ke jikin gwangwanin Libby's shi ne gidaje da yawa ke bi: kabewa gwangwani 1, ƙwai 2, madarar ruwa marar sukari gwangwani 1 mai oza 12, sukari kashi uku cikin huɗu na kofi, gishiri rabin cokalin shayi, da kirfa, citta da kanumfari. A ganina rabin kofin sukari ya wadatar. Ki kaɗa su, ki juye a ɗanyen ɓawo mai zurfi na inci 9, ki gasa minti 15 a digiri 425, sannan ki rage zuwa 350 na minti 40 zuwa 50. Ki fitar da shi lokacin da gefe ya kama amma tsakiya na ɗan rawa idan an girgiza, zai ƙarasa kamawa yana hucewa. Wanda aka bari ya wuce lokaci shi ne ke tsagewa a sama.

Fai ƙwai ne da madara, ba a barinsa a waje fiye da awa 2 bayan ya huce. A firij yana kwana 3 zuwa 4. Wanda kika gani a kanti an jera a fili ba firij, an haɗa shi ne da abubuwan hana lalacewa. Na gida ba shi da su. Wanda kuma kika ɗauko daga firijin kanti, ki mayar da shi firij da kin isa gida.

Abin taɓawa, da ragowar gwangwani

Cikin duk kayan ciye-ciyen lokacin, wanda zan ce ki saya ba tare da dogon nazari ba shi ne koren 'ya'yan kabewa da aka ɓare, masu suna pepitas. Ki ɗauki marasa gishiri, ki ɗan soya su a busasshen kasko har su fara tsalle, ki barbaɗa gishiri da ɗan yaji. Yara su tafi da su makaranta, idan makarantar ta yarda, tunda da yawa sun hana gyaɗa saboda yaran da jikinsu ba ya ɗaukarta. Ɗanyunsu kuma idan aka niƙa suna tsayawa a madadin agushi, sai dai miyar za ta ɗan yi kore.

Idan babban gwangwani mai oza 29 kika buɗe, kada ki bar saura a cikinsa. Ki juye a roba mai murfi, zai kai kwana 5 zuwa 7 a firij. Ko ki rarraba kofi-kofi a leda ki sa a firiza, ya kai wata 3. Wannan ragowar tana yin miyar taushe: bayan nama da kayan miya da daddawa sun dahu, ki zuba niƙaƙƙiyar gyaɗa ta nuna, sannan ki sa kabewar kusa da ƙarshe tunda dafaffiya ce, ki biyo da alayyafo da yakuwa. Ki rage ruwan da kika saba sawa da farko, ki riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, kuma ki yawaita juyawa don tana saurin kama ƙasan tukunya.