Darasi na Bakwai: Agogon Tsohuwar Mota da Shanyewar Batir

Akwai magidanta a Katsina da har yanzu suke riƙe da Fijo 504, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975, kuma kukansu bai cika wuce ɗaya ba: a ajiye mota kwana biyar, a zo da safiyar hunturu a murɗa makulli, ta ƙi tashi sai an tura. Kafin a sayi sabon batir, a tuna cewa ko an zare makulli akwai abin da ba ya barci a cikin mota, wato agogo.

Yawancin agogon tsofaffin motoci, sifirin (naɗaɗɗen ƙarfe) ke tafiyar da shi. Bayan kowane 'yan mintuna wasu ƙananan ƙarafa biyu sukan haɗu, wuta ta gilma ta ɗaure sifirin, sannan su rabu. Idan ƙura da tsatsa suka kama su, ko batir ya yi rauni, sai su manne, wuta ta yi ta zuba dare da rana, wani lokaci har wayar cikin agogon ta ƙone.

Ga yadda za ka gwada. Ka kashe komai, ka rufe ƙofofi saboda fitilar ciki, ka kwance wayar batir ta ɓangaren alamar ragi, sannan ka saita mitar auna wuta a kan amfiya 10 (amfiya ita ce ma'aunin wutar da ke gudu a waya), ka haɗa ta tsakanin wayar da kan batir. Kada ka kuskura ka tayar da mota a wannan hali, domin mitar za ta lalace, kuma kada a kusanto da taba. Wutar da lafiyayyiyar mota ke sha a kashe ba ta wuce miliamfiya 50 (miliamfiya 1,000 ne amfiya ɗaya). Idan ka ga rabin amfiya, ka yi lissafi da kanka: cikin awa 24 an sha amfiya-awa 12 (wato rabi sau 24), ke nan batir mai ɗaukar amfiya-awa 60 zai ƙare ƙaf a kwana biyar.

Daga nan sai ka riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya kana kallon mitar. Inda lambar ta faɗi, nan ɓarnar take. Sai dai a kula, agogo yakan yi tarayya da fitilar ciki a fiyus guda, saboda haka ka cire wayar bayan agogon ita kaɗai don ka tabbatar.

In shi ne, ka naɗe bakin wayar da salatif, ka kai shi wurin mai gyaran agogo ya goge ƙarafan. Ina roƙonka kada ka jefar da shi, domin na asali wuyar samu gare shi yanzu.